Golan da Rigarsa Ba Ta Datti

Tun da kai ne sakataren kwamiti yanzu, zauna ka ji wannan misali, ka kuma kai shi inda ya dace ba tare da ka rage masa ko wasali ba.

An yi wani mai tsaron gida a kulob ɗin wani gari da filinsu jar ƙasa ce da tsakuwa, babu ciyawa ko ta magani. Al'adarsu ita ce, da an tashi wasa sai a tuɓe riguna a tara a gindin darbejiya, kafin mai wanki ya kwasa Alhaji, shugaban kulob, ya zo da sandarsa yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi yin jawur, mai ita ya fi kowa aiki. Haka suka gada, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Shi kuwa wannan bawan Allah kullum rigarsa fes take. Ba lalaci ba ne, da baki yake aikinsa. Tun ƙwallo tana tsakiyar fili ya hango inda za ta faɗo, sai ka ji yana kiran 'yan bayansa da sunayensu, wannan ya matsa dama, wancan ya daina kallon ƙwallo ya dubi mutumin da ke zagayo masa ta ƙeya. Kafin hari ya nuna an kashe shi. Wadda ta kuɓuce kuwa sai ta tarar da shi tsaye a kan hanyarta, ya rungume ta kamar an miƙo masa kabewa. Kaka uku a jere ba ragar da ta huta kamar tasu. A rubuce yake, mai musu ya je ya duba. Amma ranar da aka ci su ɗaya mai ban haushi, shugaba ya soko rigar nan da sanda, ya ɗaga ta a gaban 'yan wasa da 'yan kallo har da masu rake, ya ce, "Jama'a, ku ga rigar ango. Gola muka nema, ashe ladan muka ɗauko." Aka yi dariya har da riƙe ciki. Sunan ladan ya bi shi kasuwa, ya bi shi gidan surukai. Mako bai zagayo ba aka ba wani gurbinsa, mai shawagi kamar shirwa, wanda ko ƙwallon da za ta fita waje sai ya yi mata birgima. Shi kuwa wanda aka sauke ya karɓi rigarsa wajen mai wanki, ya ninke.

Wani tsohon ɗan bayansa da ke wasa a ƙetare ya samo masa gwajin mako biyu a kulob ɗinsu na can. Makon farko ya sha kashi, don ba ya jin harshensu: yana ganin ɓaraka tana buɗewa, bakinsa ya kasa ɗinke ta. Nan ya gane cewa shi in ba murya, tamkar an ɗaure masa hannu ne. Sai ya nufi tsohon da ke yanke ciyawar filin, da nuni da ishara ya karɓo kalmomi bakwai: dama, hagu, matso, koma, bari, taka, tawa. Ya rubuta su a filastar da yake naɗe wuyan hannu da ita. A mako na biyu kocin ya ɗauko kujera ya zauna bayan raga, kansa a sunkuye, yana saurare. Da aka tashi ko kallon rigar bai yi ba. Ya sa shi ya yi magana, ya ji muryar ta dushe ƙurmus, sai ya miƙa masa hannu, ya kuma ba da umarni a riƙa ajiye masa zuma da ruwan ɗumi bayan kowane wasa. Shekara tara ya yi a ragar nan, har 'yan kallo suka mai da kalmominsa bakwai waƙa. A gida kuwa mai shawagi yana ta yayyaga riguna ana tafi, 'yan baya sun zama garken da ba makiyayi. A kaka ta uku suka faɗa ƙaramin rukuni, ranar da ya kaɗe ƙwallo goma sha ɗaya, uku suka shiga. Rigarsa ce ta fi ta kowa ja a gindin darbejiya.

Da mutumin ya dawo gida, gwiwoyinsa garau, murya a shaƙe, sai kwamiti ya turo masa ɗan aike a asirce, wai ya zo ya koya wa gololinsu. Ya shiga ɗaki ya fito da rigar nan a ninke yadda take, ya ɗora masa a hannu, ya ce, "Ka gaishe da Alhaji. Ka ce ya ɗaga ta a inda ya ɗaga ta, ya faɗa wa mutane abin da ya gano. Ran nan zan zo fili." Kuma gaskiyarsa. Wanda ya yi kuskure a kan allo, a kan allo yake gyarawa, ba a bayan aji ba. Darbejiya tana nan, sanda tana nan, masu rake ma ba su ƙaura ba. Shi ba ya sauri, don ba ragarsa ce ke girgiza duk Asabar ba.

In Alhaji ya rasa abin faɗa ranar, ka ara masa na magabata, ba shi da tsawo: rigakafi ya fi magani.