Dakali a Rana

Tun da zafi ya kai inda tsakar gida ba ya zaunuwa sai da bishiya, aka kafa doka a garin: gidan da inuwar bishiya ta fi faɗa wa da azahar, shi ke da bishiyar.

Kwanan nan Yalwa ta lura darbejiyar da marigayi mijinta ya dasa tana karkata wajen katangar maƙwabciyarta, Maman Sagir. Hankalinta bai kwanta ba, sai ta fake da aron rariya ta shiga gidan.

Ta tarar an dawo da wurin wanke-wanke jikin katangar. Ƙasar ta jiƙe sharkaf, har da taki an barbaɗa.

"Maman Sagir, wanke-wanken ya yi ƙaura ke nan?"

"Wallahi, Yaya Yalwa, magudanar can ce ta toshe," in ji ta, tana miƙo rariyar da murmushi.

A nan idon Yalwa ya faɗa kan wani sabon dakali, an shafe shi sumul, a cikin rana ƙwal, gaba kaɗan da inda inuwar ta tsaya.

"Wa zai zauna a wannan ranar?"

Maman Sagir ta ɗaga kai ta dubi rassan.

"Ai na baɗi ne."