Datsun Mai Zuciyar Kafris

Sarƙa ta yi ƙara, injin ya sauko a hankali cikin ƙaramar motar. Ja'afaru ya zura hannu ƙarƙashi yana lalubar ramin noti.

"Saki kaɗan, Baba Maigandi. Kaɗan. Tsaya!"

Ƙarfe ya zauna a kan ƙarfe. Maigandi, dattijo mutumin Tawa da ke kula da gonar dabinonsu a Al-Awali, ya saki sarƙar yana haki.

"Wannan inji ya fi ƙarfin motar nan," ya ce. "Kamar an sa wa akuya zuciyar raƙumi."

Ja'afaru ya yi murmushi kawai. Motar tsohuwar Datsun ce ta marigayi babansa, wadda ta daɗe a rumfar ajiye dabino kaji na ƙwai a kujerarta. Injin kuwa na babbar mota Kafris ne, mai silinda takwas. A tashlihi ya samo shi, inda ake sayar da ragowar motocin da suka yi hatsari. Ranar bai bari an buɗe masa komai ba. Cewa ya yi a tayar, ya dafa ƙarfen yana saurare, sannan ya ce wannan yake so.

Ummi, mahaifiyarsa, ba ta so aikin ba. Likita ne ya ce mata gara a bar shi ya sami abin yi da hannunsa, ya fi zaman ɗaki. Ta yarda bisa sharaɗi ɗaya: motar ba za ta ƙetare ƙofar gona ba. Makullin ma ta ɗaure shi a bakin mayafinta.

Kowa a gidan ya san dalili. A bazarar 1996 Ja'afaru da amininsa Khalilu suka fita tsere a hanyar Yanbu, Ja'afaru ne ke tuƙi. Khalilu yana kwance a maƙabartar Baƙi'a yanzu. Tun daga lokacin ba a ambaton Yanbu a gidan, ko da kifi aka kawo daga can.

Aikin ya ci watanni. Aka yanke ƙarfen gaba don inji ya sami wuri, aka sa babban lagireto, aka sauya giya da tayoyin baya. Walda kaɗai ya bar wa wani. Sauran duk da hannunsa ya yi, kuma kowace sifana tana da mazauninta a kan buhu. Wanda ya gusar da ɗaya zai ji faɗan da bai taɓa ji ba. Sau da yawa Maigandi kan shigo rumfar bayan magariba ya same shi kwance ƙarƙashin mota, sai ya kunna ƙwan lantarki yana gunaguni.

"Wane fenti za a saya?" Maigandi ya tambaye shi wata rana.

"Duk wanda ka samu."

"A da ja kake so, in ji Hajiya mahaifiyarka."

"A da ke nan."

Ranar da injin ya fara tashi, tattabarun gonar suka watse gaba ɗaya. Rufin kwano ya ɗauki rawa, ƙura ta zubo daga ganyen dabino. Ja'afaru ya zauna a kujerar direba, rugugin na ratsa ƙashin bayansa, ya ji abin da ya zaci ya mutu tare da Khalilu ya motsa a ƙirjinsa.

Daga nan ya fara tattaki. Kullum bayan la'asar sai ya fita ƙofar gona ya bi dogon layin da ke tsakanin katangu, hannunsa na shafar bango, har inda kwalta ta fara, ya juyo. Ƙanwarsa Sundus ce ta fara tsarguwa.

"Yaya, me kake nema a layin nan kullum?"

"Iska."

"Wallahi in ka sa Ummi kuka kuma, ba zan yafe maka ba. Khalas, motar ta tashi, ba shi ke nan ba?"

Ya juya ya ci gaba da shafa motar. Ta daɗe tsaye a bakin rumfar, yana jin numfashinta, kafin ta tafi.

Ranar Juma'a ya ce kansa na ciwo. Maigandi da sauran maza suka tafi masallacin Harami. Ya jira har ƙarar motarsu ta ɓace, ya je ya zare sakatar ƙofar gona, ya wangale ta. Makulli bai dame shi ba. Shi ya shimfiɗa wayoyin motar, ya san biyun da zai haɗa.

Injin ya yi gurnani. Ya fito da ita daga rumfa a hankali, tayoyi na murƙushe busassun zarba, ya daidaita hancinta da ƙofa. Zafin rana ya sauka a cinyarsa. Ya riƙe sitiyari.

Sai ga sawun gudu. Sundus ta damƙi gefen taga.

"Yaya, haram alaik! Kashe ta! Yaran maƙwabta suna ƙwallo a layin!"

Ya kasa kunne. Ba abin da yake ji sai silinda takwas suna bugawa.

"Za su kauce," ya ce. "Duk Al-Awali na jin ta."

"Ummi! Ummi, fito!"

Ya ɓamɓare yatsunta daga tagar ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai lallashi. Ya yi bisimilla, ya saka giya, ya take totur har ƙasa.

Datsun ta zabura ta fice ƙofa, ɗauke da direban da bai sake ganin ko hasken rana ba tun ranar da gilashi ya tsiyaye masa idanu a hanyar Yanbu.