Kibiyar Barde Ƙi-Gudu

Garba tela ya jefa ɗan ludo a cikin faranti, ya fito da ɗaya. Baffa Shehu ya tafa hannu.

"Shi ke nan, kibiya ta sami Barde Ƙi-Gudu. A mazauni. Ɓangaren hagu."

"Haba Baffa! Mutumin da ya ƙi gudu, ta ina kibiya za ta same shi a baya?"

"Ya juya gyara takalmi ne."

Aka cire ƙwallon dabino uku daga goman da ke gaban Garba. Haka dokar wasan take: ƙwallo goma shi ne ran jarumi, in suka ƙare sai jana'iza. Garba kuwa ya ɗauki Barde kamar ɗan cikinsa, har 'yar riga ya ɗinka wa katakon zaren da ke tsaye a matsayinsa.

Duk wannan a zauren Baffa ne a Mandawari, washegarin ranar da bama-bamai suka tashi a gari. An sa dokar hana fita, sojoji sun tsare bakin titi. Shi kansa Baffa ta kan katangun mutane ya dawo gida ranar, ba keke ba hula, ya ce labarin dogo ne. Da gari ya waye sai ya fito da wani wasa da ya ce ya koya wurin Baturen da ya taɓa yi wa direba: shi zai ba da labari, sauran su zama mutanen ciki, ɗan ludo ya yanke hukunci. Ya kuma ce mai ba da labari a tsaye yake yi, wai haka Turawa ke yi.

Mutum na uku a tabarma shi ne Lawal, mai kemis a Goron Dutse, mijin Husaina 'yar Baffa. Gaisuwa suka zo doka ta rutsa da su. Shekara shida da aure bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba, Baffa kuma bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan". Amma a wasa ya naɗa shi Boka, kuma da Boka ana magana kai tsaye.

Lawal ya jefa, ya ci siki, wato shida. Ya ce, kansa a ƙasa, Boka ya tofa ciwo ya warke.

Baffa ya ce a wannan ƙasar tofi ba ya cin kibiya, domin bakinta tsatsa gare shi kamar tsohon kwanon rufi. Sai Boka ya faɗi abin da zai yi dalla-dalla. Lawal ya ce a wanke da ruwan ɗumi da gishiri, a rufe da tsumma mai tsabta.

"Gishirin cokali nawa?" in ji Baffa.

Garba ya yaba. Ya ce wallahi Turawa ba sa wasa da wasa. Ranar miyar gidan ta zo lami, ba gishiri, kowa ya sha haka nan.

Kwana na biyu tun ba a jefa komai ba Baffa ya kwashe ƙwallo uku. Wai Barde bai runtsa ba, wurin ya kumbura kamar ƙosan Hajo mai suya, yana zugi kamar ana kaɗa masa kalangu a ciki. Garba ya yi kururuwa ya ce wannan zalunci ne, amma har tsikar jikinsa ta tashi saboda iya bayanin tsoho. Lawal ya ce a ba Barde fanadol biyu. Garba ya tambaya ina Boka zai samu fanadol a dajin aljanu. Baffa ya ce ya tsinta a kogo, a ci gaba.

Kwana na uku ƙwallo ɗaya tal ya rage. Baffa ya jingina da bango yana gumi, labari ya kama shi. Ya ce Barde na rawar sanyi da tsakar rana, ciwo na fid da ruwa rawaya, har dokinsa ya fara kau da hanci.

Garba ya riƙe gwiwar Lawal. "Boka, ka rufa min asiri. Rigar nan da hannu na yi mata aiki."

A nan Lawal ya manta kansa. Ya ɗaga kai ya dubi surukinsa ido cikin ido.

"Baba, irin wannan ba a yi masa magani daga nesa. Sai Boka ya gani da idonsa, ya tsaga, ya wanke, ya yi allura. In ba haka ba, a fara haƙa wa Barde rami."

"In Barde yana jin kunyar Boka fa?"

"To kunyar za ta kashe shi."

Baffa ya ce a jefa. Lawal ya jefa, biyu ta fito ƙiri-ƙiri.

"Siki ne," in ji Baffa.

Garba, da yake ɗansa ake ceto, ya rantse shi ma siki ya gani. Baffa ya ce an tafi hutu, ya shige cikin gida a hankali, da tafiyar nan ta ƙasaita da ya tsira kwanan nan.

Ba a jima ba Husaina ta leƙo, riƙe da jakar allurar mijinta, tana cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata.

"Boka, ga kayanka. Barde yana turaka a kife, ya lulluɓe kansa da zanen Inna, kuma ya ce in ka kuskura ka kira shi Baba, wasa ya tashi."