Lallen Inna Tabawa

Tun da hukuma ta fara ɗiga wa kowa 'yan mitsi-mitsin ma'aunan nan a baki, gaisuwa ta lalace. An ce da zaren gado na jikin mutum aka saƙa su. Sukan kutsa can cikin ɗakunan ƙwayoyin jiki su auna tsami, in ya kauce hanya sai farce ya yi shuɗi, alamar ciwo ya shiga. Yanzu ba mai tambayar kwananka, hannunka kawai ake kallo.

Farcen Inna Tabawa ya wayi gari da shuɗi. Ta dunƙule hannu cikin mayafi, ta nufi gidan Azumi mai lalle, tana tafe tana waige.

"Inna, ke ce da lalle? Wane tsohon ne ya fito?" in ji Azumi.

"Bar shashanci, ki kwaɓa mai kauri. Gobe Gambo za ta tafi karatun likita. In autar nan ta ga wannan, wallahi fasawa za ta yi ta zauna jinyata."

Azumi ta buɗe hannun, dariyarta ta ɗauke. "Farce fa tsirowa yake yi, Inna."

"Ya tsiro bayan mota ta tashi."

Da la'asar ta koma gida, yatsu jawur. Gambo na tsakar gida tana ɗaure akwati. Ta kamo hannun uwarta, ta daɗe tana murza farcen da babban yatsa.

"Ya yi kyau, Inna."

"To, sake ni mana."

Ba ta sake ta ba. Da ɗaya hannun ta fara kwance igiyar akwatin.