Mai Bidiyon Biki da Ram ɗin Laftof

Tun da ka ce tsoro ne ya hana ka zuwa wurin waɗanda suka san aikin, bari in ba ka misalin wani mai ɗaukar bidiyon biki. Mutum ne mai riƙon amana, shi ya sa gidajen da ba sa barin namiji ya leƙa tsakar gida suke barin kyamararsa ta shiga har wurin lalle. Wata rana ya ɗauki bikin 'yar wani dattijo mai sayar da fata. A wurin walima dattijon ya miƙe, ya dafa kan 'yarsa, ya yi mata nasiha da addu'a har muryarsa na rawa. Ba a jima da watsewar biki ba Allah ya yi wa dattijon rasuwa a hatsarin mota. Dattijon nan bai taɓa yarda an ɗauki muryarsa ba sai ranar. Bayan sadakar bakwai amarya ta aiko cewa ba ta ƙi a bar sauran bikin ba, ita dai a kawo mata maganar babanta. To, duk abin da mai bidiyon ya ɗauka yana cikin laftof ɗinsa, don ya riga ya goge memorin kyamara ya yi wani bikin da shi. Laftof kuwa ta tsufa. Da ya fara tace hoto sai ta cije, fankarta ta yi ta huci kamar tukunyar wake, fuskar dattijon ta sandare baki a buɗe. Abokan sana'a suka ce masa ba wata cuta ba ce, ram ɗinta ne ya yi kaɗan, wato ɗan sililin nan da na'ura ke riƙe aikin da ke hannunta da shi. Suka ce ya kai wa mai gyara ya ƙara mata wani, za ta warke. Amma shi ya sha jin labarin masu gyaran da ke kwafe hotunan mutane. Ya tuna matan aure da ke cikin bidiyon lallen, ba mayafi, suna rawa a tsakaninsu, a zuciyarsa ya ga hotonsu na yawo a wayoyin samarin gari, ya ga mazajensu tsaye a ƙofar shagonsa. Ya rantse ba hannun da zai taɓa laftof ɗin sai nasa.

Ya je kasuwa ya sayo ram da ƙaramin sukudireba, ya rufe shago da hantsi, ya jingina waya yana kallon yadda ake yi. Ya kwance notuna ya jera su a murfin kwano, ya ɗaga marfin baya, sai ga cikin na'ura kamar unguwa an hango ta daga sama, lungu-lungu, ba ka san inda za ka taka ba. Mai bayani a waya ya ce a fara zare wayar batir, amma wayar siririya ce kamar gashin masara, ya ji tsoron kada ta tsinke, sai ya ƙyale ta. Ya cusa ram bai zauna ba, ya sa bakin sukudireba ya danna. Ƙarfe ya zame. Ya ga ɗan tartsatsi, ya ji ƙas, sai ƙaurin ƙonewa ya bugi hancinsa. Ya mayar da marfi ya danna makunni, shiru. Ya sake dannawa, ya jona caja, ya karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, gilashi baƙi ƙirin, ba abin da yake gani a ciki sai fuskarsa. Yana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya ga lambar angon ce, ya kasa ɗauka. Ya ɗauki laftof ɗin ya kai wa mai gyaran da yake gudu. Mai gyara ya shinshina cikin na'urar, ya ce: "Da ram kawai ka kawo in sa, a gabanka zan yi, ba sai na buɗe ko hoto ɗaya ba. Yanzu wuta ta taɓa har ma'ajiyar da bidiyon ke ciki, ya fi ƙarfina, sai an aika Ikko." Haka ya tsaya yana kallo aka naɗe amanar matan mutane a kwali aka ba direban da bai sani ba, ya kai wa wani da bai taɓa gani ba, wanda aikinsa shi ne ya buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya ya ga wanda ya tsira. Makonni ya yi yana jira. In ya ga samari sun haɗa kai a kan waya suna dariya, ko ya hango wani daga dangin mamacin, sai ya sauya hanya. Da saƙo ya dawo, bidiyon lalle ya fita tsaf, wanda ke nufin baƙon ido ya gan shi. Na walima kuwa hoto ya tsira, sauti ya tafi. Ya ɗauka ya kai da kansa. Amarya ta zauna tana kallon babanta ya dafa kanta, leɓɓansa na motsi, ba ta jin komai. Ba ta zage shi ba. Ta dai tambaye shi a hankali ko shi ya riƙe abin da baban ya ce, ya laluba kansa bai sami ko jimla ɗaya ba.

Wannan shi ne abin da Hausawa ke cewa: gudun gara, an faɗa gidan zago.