Mota Ba Ta Dawowa Wayam

"Yaya, Mama sai kiran sunanka take," na faɗa a waya.

Yayana direban babbar mota ne. Ya sauke siminti a can nesa, amma dokar kamfaninsu ita ce mota ba ta dawowa wayam, kada a ƙona mai a banza.

"Auta, manaja ya ce in jira lodi. In na taho, a bakin aikina. Ki ce mata gobe."

Na ce mata gobe. Washegari ma haka na ce.

Ranar da ya iso, motar cike take maƙil, har tayoyi na nishi. Ya faɗo ɗaki ko takalmi bai cire ba.

Gadon Mama ya tarar wayam.