Inna da Hasken Leza

"Wallahi ba mai haska min wuta a ido!" Inna ta faɗa tun daga ƙofar asibiti, har mai gadi ya waiwayo.

Auta na biye da ita riƙe da jakarta, yana lallashi. Auta fa da nake gaya muku ba yaro ba ne, kafinta ne ɗan shekara hamsin da uku, gemu duk furfura, amma a bakin Inna har gobe Auta ne.

Sati biyu kenan ta hana gida sakat. Hawan jinin ido gare ta, ciwon nan da ke cin gani ta gefe a hankali, ba zafi ba komai, sai mutum ya farga ya tarar an yi masa ɓarna. Shi ya makantar da mahaifiyarta. Maganin ɗigawa ya kasa, likita ya ce sai leza, wato aikin ido da haske. Ita kuma ta kafe ba inda za ta, sai in Auta ne zai kai ta da kansa.

Shi ko Auta, rabonsa da asibiti shekara ashirin. Kullum cika bakinsa ɗaya ne, wai idonsa na hango ƙusa a cikin garin katako. In ya bangaje kofin shayi a gefen tebur, yara ne suka ajiye ba daidai ba. In kafaɗarsa ta daki ƙofa, wanda ya kafa ƙofar ne bai iya aiki ba. Ƙofar da shi ya kafa fa!

Suna shiga ya tsaya yana karanta alluna, Inna kuwa tuni ta karya hagu tana mita. Suka tarar da layin kujeru, ta tsallake ta farko ta zauna a ta biyu. Auta ya faɗa ta farkon, ƙafar kujerar ta gurɗe, saura kaɗan ya sha ƙasa.

Da aka kira su, likita ya buɗe kati ya yi murmushi. "Inna, ai yau kawai..."

"Ni ba na son jin komai!" ta katse shi. "Ba zan sa haɓata a kan ƙarfen nan mai sanyi ba, sai an fara gwadawa a kan wannan." Ta nuna Auta.

"Haba Inna, ni lafiyata lau."

"To mai lafiya, zauna mana. Ko tsoro kake ji, da gemunka?"

Nas ta juya baya kafaɗunta na rawa. Likita ya dubi Inna, ya dubi Auta, ya cije leɓe ya ce ai dama 'ya'yan masu irin wannan ciwon ya kamata a riƙa auna su, in ya yarda minti biyu ne.

Auta ya zauna yana huci. "Don dai ki gani ne."

Aka ɗiga masa magani, wani shuɗin haske ya matso kusa da idonsa. Likita ya auna dama, ya auna hagu, ya sake auna hagun. Daga nan bai ƙara dariya ba. Ya ce nas ta kai shi ɗakin gwajin gefen gani, inda za ka kafe ido wuri ɗaya, kana danna maɓalli duk sanda ɗan haske ya ƙyalla. Auta ya yi ta jira ta ɓangaren hagu, shiru. Har ya ce wa nas injin nasu ya lalace.

Ya fi rabin awa kafin ya dawo. Ya tarar Inna ta harɗe a kujera tana gyara ɗankwali, fuska fes.

Likita bai ɓoye masa ba. Ciwon Inna ne sak, kuma ya riga ya ɗan gutsuri gefen idon hagu. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma saura da yawa, kuma an kama shi da wuri. Leza za ta buɗe hanyar da ruwan ido ke fita, nauyin ya sauka.

Kafinta ya kai hannu ya shafa idonsa na hagu. Mutumin da ido ne jarinsa.

"Leza?" ya ce da ƙyar.

"Kai, raggo!" in ji Inna. "Ɗan gilashi za a ɗora maka, ka ji ƙas-ƙas-ƙas, ka ga walƙiya, shi kenan. Ko ƙaiƙayi ban ji ba."

"Au, har an yi miki?"

"Ga ni kana gani."

Kunya ta kama shi. Tsohuwar da ta shigo tana kururuwa ta gama nata tana dariya, shi zai tsaya rawar jiki? Nan take ya ce a sa masa rana. Aka ba shi Talata.

A waje suna jiran mota, sai tsokanarta yake. "Yau da ban matsa miki ba, da kina gida kina jiran makanta."

"Allah ya yi maka albarka, Auta," ta ce, tana kallon wani wajen.

Ya buɗe jakarta zai saka takardarsa, katinta ya faɗo. Ya ɗauka yana kakkaɓewa, idonsa mai hango ƙusa ya sauka kan rubutun likita: an yi leza sati shida da suka wuce, nauyin ido ya sauka, yau dubawa ce kawai.

To ku gaya min, tsakanin Inna da Auta, wa ya kai wani asibiti?